Sayar da manhaja ta waya: ta ina kuɗi ke shigowa, ta ina haja ke fita?

Ranar 30 ga Satumba 2025 babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, wato BCEAO, ya buɗe wani sabon tsarin biyan kuɗi a birnin Dakar. Sunan tsarin PI-SPI. Manufarsa ita ce kuɗi su iya fita daga asusun banki su shiga asusun wayar salula, ko su fita daga wannan kamfani su shiga wancan, cikin ƴan daƙiƙoƙi, dare da rana, har ranar hutu. Ƙasashe 8 ne tsarin ya shafa: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo.

Mai sauraren rediyo zai ɗauka wannan labarin manyan bankuna ne. Amma ya shafi ƙaramin ɗan kasuwa, musamman wani irin ɗan kasuwa da bai daɗe da bayyana a garuruwanmu ba. Ba shi da rumfa, ba shi da sito, ba ya hayar kura ko amalanke. Hajarsa tana cikin waya. Wataƙila ɗanka ne, ko ƙanwarka, ko maƙwabcinka. Wataƙila kuma kai ne mai sayen hajar tasa.

Wace haja ce wannan?

Manhaja ita ce tsarin umurnin da aka rubuta wa waya ko kwamfuta don ta yi wani aiki. WhatsApp manhaja ce. Abin lissafin da ke cikin wayarka manhaja ce. Matashin da ya koyi wannan sana'a yana iya rubuta ƙaramar manhaja wadda za ta riƙe wa mai kanti lissafin bashi, ko ta riƙe wa uwar adashe sunayen masu zubi da ranar kwasar kowa, ko ta koya wa yaro baƙaƙe da wasula da muryar Hausa. Akwai kuma dangin manhaja, waɗanda hanyar cinikinsu ɗaya ce da tata: karatun da aka ɗauka da murya, littafin da ake karantawa a waya, zanen surfani da ake sa wa keken ɗinki mai kwamfuta, darasin kiwon kaji na bidiyo. Duk abin da za mu faɗa a kan manhaja ya shafe su.

A kasuwar da muka gada, ciniki yana da sauƙin ganewa. Hausawa sun ce hannu da hannu cinikin makaho. Ka miƙa kuɗi, a miƙo maka tiyar hatsi, kowa ya kama gabansa. Idan akwai gardama, ga dillali, ga sarkin kasuwa, ga jama'ar da suka gani.

Cinikin manhaja ya raba waɗannan hannuwa biyu. Mai saye yana Tawa, mai sayarwa yana Damagaram, ba su taɓa ganin juna ba. Dole ɗaya ya riga ɗaya sakin abin hannunsa. Idan mai saye ya riga biya, yana tsoron cinikin biri a sama. Idan mai sayarwa ya riga turawa, yana tsoron kada wayar ta mutu daga nan. Saboda haka tambayoyi biyu ne ke gaban duk mai wannan sana'a. Ta yaya zan tabbatar kuɗi sun shigo? Ta yaya zan isar da haja ga wanda ya biya, shi kaɗai? A ganina ta farkon ta kusa samun amsa a cikin ƙasa. Ta biyun ita ce mai wuya, kuma ita ce matasa ba su cika yi wa tunani ba sai bayan sun yi hasara.

Yadda kuɗi suka shiga waya

Wannan abu ba tsoho ba ne. A 2007 kamfanin Safaricom ya buɗe M-Pesa a Kenya, mutane suka soma aika kuɗi ta saƙon waya. A Nijar, kamfanin Zain ya kawo nasa tsarin mai suna Zap. A 2010, shekarar ƙarancin cimaka, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, kimanin jika 22 kowane wata har wata biyar, kuma wani kashi na ƙauyukan ta Zap aka tura masu. Da yawan waɗanda suka karɓa mata ne da ba su taɓa zama a aji ba. A shekarar ce kuma Airtel ya sayi Zain, daga baya Zap ya koma Airtel Money. Kamfanin Moov ya fito da Flooz. Orange ya yi nasa, kafin ya sayar da reshensa na Nijar ga Zamani a 2019.

Amma a ƙasarmu akwai abin da ya bambanta mu da wasu maƙwabta. Jama'a sun fi sabawa da gidajen aika kuɗi, irin su Nita, Amana, Al Izza da BNIF Afuwa. Mutum ya je biro, ya ba da kuɗi da sunan mai karɓa da lambar wayarsa, a ba shi takardar shaida. Daga baya waɗansu daga cikin gidajen nan sun fitar da manhajarsu ta waya, kamar MyNita da Amanata, yadda mutum zai aika daga ɗakinsa.

Ga mai sayarwa, yawan hanyoyin nan alheri ne kuma wahala ce. Mai saye na farko ya ce shi Airtel gare shi. Na biyu ya ce sai ta Nita. Na uku ya ce albashinsa yana banki. Sai ka ga ƙaramin ɗan kasuwa da layi uku da asusu huɗu, kuɗinsa a warwatse, kowane wuri kuma da ladan cirewa. Wannan rarrabuwa ce PI-SPI ya zo ya ɗinke. Idan bankinka ko kamfaninka ya shiga tsarin, za ka iya ba mai saye suna guda ko lamba guda, ko ka nuna masa wani tambari mai murabba'i da ake ce wa QR ya ɗauka da wayarsa, ya biya daga inda kuɗinsa suke. Sai dai ka sani, ba duka bankuna da kamfanoni suka shiga rana ɗaya ba, shigar bi da bi ce. Kada ka buga tambari a kan tallarka sai ka je biron da kake hulɗa da shi ka tambaya: kun shiga? Nawa ake cire wa ɗan kasuwa in an biya shi? Kuɗin aikawa tsakanin mutum da mutum dabam ne da abin da ake cire wa mai sana'a, kada a gaya maka na farko ka zaci na biyu ne.

Akwai kuma iyaka. Dokar da BCEAO ya kafa a 2015 a kan kuɗin waya ta ce asusun mutum guda, wanda ya ba da takardar shaidarsa, kada ya wuce sefa miliyan 2 a ajiye. Mai sabon farawa ba zai damu da wannan ba. Amma abin lura shi ne layin da kake karɓar kuɗi da shi ya zama da sunanka aka yi masa rajista. Mutane da yawa suna aiki da layin da wa ko aboki ya saya da katinsa. Ranar da wayar ta ɓace, ko aka rufe layin, mai sunan ne kaɗai za a saurara a biro.

Hoton resi ba kuɗi ba ne

A nan zan daɗe, don a nan ake cutar mutane, kuma a nan karatun da kake yi a ajin yaƙi da jahilci yake da aiki.

Mai saye zai ce maka ya biya, ya turo maka hoton takardar shaida ta WhatsApp. Hoton yana da tambarin kamfani, da adadin kuɗi, da sunanka. Ka sani cewa yaro mai wayo yana iya canza adadi da suna da kwanan wata a jikin hoto cikin minti biyar. Wani kuma ba ya ma wahalar da kansa, tsohon resi na gaskiya zai turo, na cinikin makon jiya, da fatan ba za ka duba kwanan wata ba. Wani zai rubuto maka saƙo daga wayarsa, ya kwaikwayi kalmomin da kamfani ke turowa: an sa maka kuɗi kaza. Idan ka duba saman saƙon za ka ga lambar mutum ce, ba sunan kamfani ba.

Akwai wata dabara da ta fi waɗannan daɗewa. A turo maka saƙon ƙarya cewa jika 20 sun shiga asusunka. Nan take a kira ka da murya mai ban tausayi: kuskure na yi, kuɗin maganin mahaifiyata ne, don Allah ka maido. Kai kuma mutumin kirki, sai ka tura daga naka. Wani ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ana gyaran asusu, ka karanto masa lambar sirrinka ko lambar da ta shigo maka yanzu. Babu ma'aikacin gaskiya da ke tambayar lambar sirri.

Maganin duka guda ne. Kada ka yarda da abin da aka turo maka, ka je ka duba da kanka. Ka buɗe asusunka ka ga abin da ke ciki kafin da bayan. Ka karanta abu huɗu: adadin kuɗi, kwanan wata da sa'a, sunan mai aikawa, da lambar cinikin, wato jerin baƙaƙe da alƙaluman da kamfani ke ba kowane aike. Lambar nan ba ta maimaituwa. Ka rubuta ta a littafi. Idan wani ya kawo maka lambar da ka riga ka rubuta, ka san resin da aka ci ne aka sake ɗumamawa. Idan ta biro aka aiko, to kuɗi ba su zama naka ba sai ka karɓe su ko ka gan su a asusunka.

Dubi abin da wannan ke bukata: karanta alƙaluma, bambanta 2.000 da 20.000, gane kwanan wata, gane suna. Saƙonnin kuma galibi da Faransanci suke zuwa. Ba sai ka iya Faransanci ba, kalmomi biyar ko shida ne ke maimaituwa, malaminku zai iya rubuta su a allo. Wanda bai iya ba dole ya miƙa wayarsa ga wani ya karanta masa, wani lokaci har da lambar sirri. Da yawan kuɗin da ke salwanta a gidaje ba ɓarawon nesa ne ke ɗauka ba. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a jihohin Doso da Damagaram, ƙarƙashin ƙungiyar CRS, mai suna ABC. An koya wa wasu azuzuwan manya aiki da salula tare da karatu da lissafi. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi waya sun fi sauran maki, saboda suna da dalilin karatu kullum, ba sai ranar aji ba. Mu masu wannan aiki tun lokacin muke cewa waya allo ce.

Isar da haja, da abin da ake sayarwa a gaskiya

To, kuɗi sun shigo. Saura a miƙa kaya.

Turawar kanta ba wuya. Manhajar wayoyin Android tana zuwa a ƙunshi guda da ake kira APK, ana iya tura shi ta WhatsApp ko Telegram, ko a sa shi a katin ajiya na waya. Wuyar ita ce wannan haja ba ta raguwa. Idan ka sayar da buhun wake, buhun ya bar hannunka, mai saye kuma in ya ba wani, shi ya rasa. Manhaja kuwa ka tura ta tana nan wurinka, wanda ya saya ya tura wa abokai goma ta Xender ko Bluetooth tana nan wurinsa. Kowa ya san rumfunan masu tura finafinai da waƙoƙi a bakin tasha da kasuwa. Masu shirya finafinan Hausa na Kano sun ɗanɗana wannan: da faifai ya koma abin turawa a waya, kasuwar faifan ta mutu a hannunsu. Matashin da ya kwana wata shida yana rubuta manhaja, ya sayar wa mutum ɗaya jika 2, zai iya iske ta bayan mako a wayoyi ɗari, ko dala bai ƙara samu ba.

Wasu suna ganin maganin shi ne wa'azi da barazana. Gaskiya ne cewa doka tana kare mai ƙirƙira. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, akwai kuma hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, a Yamai. Malamai ma sun yi magana a kan cin guminsa wani. Amma ƙaramin mai sana'a ba zai kai mutum ɗari kotu a kan jika bibbiyu ba. Dabara ta fi ƙara.

Dabarar kuwa ka riga ka san ta, ko da ba ka san sunanta ba. Tuna mitar NIGELEC wadda ake biya kafin a sha wuta. Ka biya kuɗi, a ba ka lamba mai alƙaluma 20, ka danna a jikin mitar, wuta ta kawo. Idan ka ba maƙwabcinka lambar nan ba za ta yi masa aiki ba, don an ɗaure ta da lambar mitarka, kuma sau ɗaya take ci. Haka katin waya da ake kankarewa. Haka fitilun hasken rana da ake biya kaɗan-kaɗan. Mai manhaja mai hankali haka yake yi. Yana barin manhajar ta yawata kyauta, duk mai so ya tura wa wanda ya ga dama. Amma in an buɗe ta, sai ta nuna wata lamba ta wannan wayar kaɗai. Mai saye ya turo lambar tare da kuɗi, mai sayarwa ya mayar masa da mabuɗi, wato wata lambar da za ta buɗe manhajar a wannan waya ban da wata. Ka ga masu turawa sun koma yi masa talla ba da lada ba. Abin da yake sayarwa mabuɗi ne, kuma mabuɗi gajere ne, saƙon waya na yau da kullum ya isa ya kai shi ƙauyen da intanet ba ta da ƙarfi.

Wannan tunani ya girmi wayar salula. A 1982 wasu Amurkawa biyu, Andrew Fluegelman da Jim Knopf, kowa da tasa manhajar, suka ce wa jama'a su kwafa su raba, wanda ya ji daɗinta ya aiko da kuɗi ta gidan waya. Mai ƙosai ma ta san da haka, shi ya sa take ba da ɗanɗano. A bar mutum ya gwada kwana bakwai, ko a buɗe masa rabin aikin, ya gani da idonsa. Tsoron biri a sama ya ragu ke nan.

Sai dai kada a yi wa mai saye tsanani. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana canza ta. Wanda ya biya jiya, yau wayarsa ta lalace, in ka ce sai ya sake biya, ka rasa shi ka rasa danginsa. Littafin nan da ka rubuta suna da lambar ciniki shi zai nuna maka cewa ya taɓa saye, sai ka ba shi sabon mabuɗi. Kuma a yi manhajar yadda za ta yi aiki ba tare da intanet ba bayan an buɗe ta. Mun ga yadda wuta ta yi ƙaranci da Najeriya ta yanke layin lantarki a Agusta 2023, mun ga kuma yadda intanet ta raunana a ƙasashen yankin a Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace. Manhajar lissafin kanti da ba ta buɗuwa sai da rezo, ranar kasuwa za ta kunyata mai ita.

Ni dai ina ganin ko mabuɗin ma rabin haja ne. Ragowar ita ce mutumin da ke bayansa: wanda za a kira ya amsa da Hausa, ya nuna yadda ake shigar da kaya, ya gyara in ta rikice. Wannan ba a tura shi ta Xender. Babban kamfanin waje yana da manhajar da ta fi taka kyau sau goma, amma ba zai amsa kiran mai kantin Tasawa da ƙarfe tara na dare ba.

Idan ciniki ya ƙetare iyaka

Mai rubuta manhaja da Hausa ba zai daɗe ba zai gane cewa mafi yawan masu jin harshen suna kudu da mu, a Najeriya. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar sa'o'i kaɗan ce, amma kuɗin waya ba su san wannan kusanci ba. Can naira ce, da bankunansu da kamfanoninsu irin su OPay da Moniepoint, kuma ba sa cikin tsarin BCEAO. Yawanci sai an bi ta hannun ɗan canji ko wani amintacce mai asusu a can. Ga kuma hawa da saukar naira: a farkon 2023 dalar Amurka guda ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a Fabrairu 2024 ta wuce 1.500. Wanda ya yanka farashi da naira ya bar kuɗinsa a can wata shida, ya san abin da ya same shi. Ka yanka farashinka da sefa, ka riƙa juya shi zuwa naira a kan canjin ranar, kuma kada ka bar kuɗi su kwana da yawa a hannun wani, kome amincinsa.

Mai saye daga Faransa ko Amurka ko Saudiyya kuwa da katin banki zai so ya biya, Visa ko Mastercard. Ƙaramin mai sana'a ba ya iya karɓar kati da kansa, sai ta hannun dillali, dillali kuma da la'adarsa. Babbar kasuwar manhajojin Android ita ce Google Play. Kuɗin rajista dala 25 ne, sau ɗaya. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kamfanin Apple kuwa dala 99 yake karɓa kowace shekara. A 2021 kamfanonin biyu sun rage la'adar ƙananan masu sayarwa daga kashi 30 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Mu yi lissafi da wannan: manhajar jika 2, la'ada sefa 300, wato dala sittin, saura 1.700, kafin banki ya cire nasa wajen juya kuɗin. Wasu dillalan suna haɗa kaso da wani tsayayyen kuɗi. Kamfanin Stripe a Amurka ya daɗe yana cire kashi 2,9 cikin ɗari da santi 30 a kowane ciniki. A hajar dala 100 wannan ba kome ba ne. A hajar dala guda kuwa kusan sulusi ne ya tafi. Don haka kaya mai araha ba ya jure wannan hanya.

Abu biyu kuma su ne ba a faɗa wa sabon shiga. Na farko, ba kowane dillali ke biyan kuɗi zuwa kowace ƙasa ba. Akwai wanda zai bar ka ka buɗe asusu ka yi sayayya, amma ba zai bar ka ka karɓa ba. Kafin ka ɓata wata guda kana shiri, nemi jerin ƙasashen da suke biya ka ga ko Nijar tana ciki. Kada kuma ka ari sunan wani da ke waje ko ka yi ƙaryar adireshi, don ranar da suka gane suna iya rufe asusun da kuɗin ciki. Na biyu, kuɗin kati suna iya komawa. Mai katin yana da damar kai ƙara bankinsa, sau da yawa har kwana 120 bayan ciniki, ya ce bai san da sayen ba ko kaya bai iso ba. Sai a zare kuɗin daga wurinka, a ƙara maka tara, manhaja kuwa ta riga ta tafi. Kariyarka ita ce shaida a rubuce cewa ka aika kuma an buɗe.

Haraji ma yana bin ciniki har can. Tun 1 ga Janairu 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka tsayar cewa harajin sayen kayan intanet ana biyansa ne a ƙasar mai saye. Matashi a Birnin Ƙonni ba zai iya bin dokar ƙasashe 27 ba. Shi ya sa aka sami kamfanoni irin su Paddle, waɗanda suke tsayawa a matsayin mai sayarwa a idon doka: su karɓi kuɗi, su biya haraji, su ji da ƙorafi, su miƙo maka saura. Kakanninmu fatake sun san irin wannan mutum. Shi ne maigidan da baƙo ke sauka wurinsa a Kano ko Kumasi, ya sayar masa da kaya, ya tsaya masa, ya cire la'ada. La'adarsu ta fi ta sauran tsada, kuma su ma sai ka bincika ko suna biya zuwa ƙasarmu.

Siyasa kuma tana iya rufe ƙofar gaba ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA sun sa wa Nijar takunkumin kasuwanci da na kuɗi, ba a ɗage shi ba sai 24 ga Fabrairu 2024. A watannin nan takardun kuɗi sun yi wuya, bankuna sun taƙaita abin da mutum zai cira, aike daga waje ya yi nauyi. Wanda duk cinikinsa ya rataya a kan hanya guda ta waje ya zauna ba shiga. Wanda ke da abokan ciniki a cikin gida ya ci gaba da samun na cefane. Wannan ne dalilin da ya sa nake ba matasa shawara su soma da garinsu, da masu kantin unguwarsu, su bar zancen dalar Amurka sai sun kafu.

Wani canji da ke tafe, da maganar takardu

A Agusta 2025 kamfanin Google ya ba da sanarwar cewa zai bukaci duk mai rubuta manhajar Android ya tabbatar da ko shi wane ne, ko da ba ta Google Play yake rabawa ba. Ya ce zai soma da ƙasashe huɗu a 2026, Brazil, Indonesiya, Singapo da Tailan, sannan sauran duniya daga 2027. Dalilin da ya bayar shi ne yawan manhajojin damfara masu satar kuɗin mutane. Bayan ƙorafi ya yi yawa ya ce zai sassauta wa ɗalibai da waɗanda suka san abin da suke yi. Duk yadda ta ƙare, alamar a fili take: raba manhaja hannu da hannu ba tare da suna ba zai ƙara wuya. Mai wannan sana'a ya tanadi katin ɗan ƙasa ko fasfo mai rai, da suna iri ɗaya a kan katin da layin waya da asusun banki. Bambancin harafi guda, Mahamadou a nan Mamadou a can, ya isa ya tsayar da kuɗin mutum makonni.

Kai mai saye kuma, kada ka sa kowace APK da aka turo maka a zauren WhatsApp cikin wayar da kake ajiye kuɗi. Idan manhajar koyon karatu ta nemi izinin karanta saƙonninka, tambayi kanka me za ta yi da su, alhali ta saƙo ne lambobin asusunka ke zuwa.

Idan ciniki ya soma kauri, a je a yi rajistar sana'a a karɓi lambar haraji ta NIF. Makaranta ko ƙungiya ko ma'aikata ba za ta sayi manhajarka ba in ba za ka iya ba ta takardar ciniki mai lamba ba, kuma su ne masu saye da yawa a lokaci guda. Kafin nan, ko mutum guda ka sayar wa, ka tura masa saƙon shaida bayan ya biya. A sa sunan manhajar, da kuɗin da ya bayar, da kwanan wata, da lambar cinikin, da mabuɗinsa, da tsawon lokacin da mabuɗin zai yi aiki, wata guda ne ko shekara ko har abada. A ƙara da abin da za a yi in ta ƙi buɗuwa: gyara ko maida kuɗi, cikin kwana nawa. Ka ajiye kwafin saƙon a wayarka, ka kuma sauke shi a littafi da alƙalami a ranar.